Sarki Asa: Ta Yaya Mai Aminci Ya Ƙare Da Ɗaure Annabi?

Tambaya: Ina karatun 2 Tarihi lokacin addu'ar safe, na zo kan Sarki Asa, sai kaina ya ɗaure. Sura 15 aya 17 ta ce zuciyarsa ɗaya take ga Ubangiji dukan kwanakinsa. Amma a sura 16 sai ga shi ya kwashe dukiyar Haikali ya ba sarkin Suriya, ya jefa annabi a kurkuku, da ya kwanta ciwo kuma likitoci ya nema, bai nemi Ubangiji ba. To wanne ne gaskiya? Wane darasi zan ɗauka game da aminci? Zuwa asibiti kuwa rashin bangaskiya ne?

Amsa: Salama, ɗan'uwa. Dukansu biyun gaskiya ne, kuma marubucin 2 Tarihi ya san abin da yake yi da ya jera su kusa da juna. Tsakanin yabon da ke 15:17 da kwashe dukiyar da ke 16:2 ayoyi uku ne kawai. Mantuwa ba ta shiga a ɗan wannan tsakanin.

Mu fara sa mutumin a wurinsa. Asa ɗan Abiya ne, jikan Rehobowam, tattaɓa-kunnen Sulemanu. Shi ne sarki na uku a Yahuza bayan rabuwar mulki, ya yi shekara 41 a gadon sarauta a Urushalima, wajen shekara ta 911 zuwa 870 kafin haihuwar Almasihu. Labarinsa yana wuri biyu: 1 Sarakuna 15:9-24, ayoyi 16, da 2 Tarihi sura 14 zuwa 16, ayoyi 48. A zama ɗaya za ka iya karanta su duka, kuma ina ba ka shawara ka yi haka kafin ka soma tsinkar ayoyi ɗaya-ɗaya, domin wanda ya karanta sura 14 yau, ya karanta sura 16 bayan mako biyu, ba zai ga yadda aka ɗinke su da zare ɗaya ba.

Zaren nan kalmomi biyu ne, "nema" da "dogara". Ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashinsu. Neman Ubangiji yana fitowa a 14:4, sau biyu a 14:7, sannan 15:2, 15:4, 15:12, 15:13, 15:15, na ƙarshe kuma a 16:12, inda aka ce bai nema ba. Dogara tana fitowa a 14:11 daga bakin Asa kansa, sai kuma a 16:7 da 16:8 daga bakin annabin da ya zo tsauta masa. Kalmar da Asa ya yi addu'a da ita a dā, ita aka dawo masa da ita.

Abu na farko da mutane kan tsallake shi ne shekara goma na zaman lafiya da mulkinsa ya fara da su. Bai kwanta ba. Ya rushe bagadan gumaka, ya farfasa al'amudai, ya sare gumakan Ashera, ya gina birane masu garu da hasumiya da ƙofofi da sakata, ya tara sojoji 300,000 daga Yahuza masu garkuwa da mashi, da 280,000 daga Biliyaminu masu baka. Dalilin da ya ba jama'a a 14:7 shi ne ƙasar tana hannunsu tun da sun nemi Ubangiji, don haka a yi gini yanzu. Riƙe wannan da kyau, zai yi mana amfani a kan tambayarka ta asibiti: mutumin da Littafi ya yaba wa dogararsa, mutum ne mai garu da rundunar mutum 580,000. Shiri bai taɓa zama abokin gabar bangaskiya ba. Addu'ar da ya yi a bakin daga ma ba ranar ya koye ta ba. Shekarun kwanciyar hankali ne suka koya masa.

Sai Zera mutumin Kush ya zo da rundunar da aka kira dubu sau dubu, da karusai 300, har Maresha, kudu maso yamma da Urushalima. Asa ya fita ya jā dāga a kwarin Zefata, sannan ya yi addu'a. Aya ɗaya ce tak. A cikinta ya shaida cewa babu mai taimako tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi sai Ubangiji, ya ce a gare shi suke dogara, ya ce da sunansa suka fito, ya roƙa kada mutum ya rinjayi Allah. Bai ambaci garunsa ba, bai ambaci yawan sojojinsa ba, bai tuna wa Allah gumakan da ya farfasa ba. Aka fatattaki Kushawa har Gerar.

Yana dawowa da ganima annabi Azariya ɗan Oded ya tare shi a hanya da magana mai sharaɗi: Ubangiji yana tare da ku muddin kuna tare da shi, in kun neme shi za ku same shi, in kun rabu da shi zai rabu da ku. Ka lura da lokacin da aka faɗa masa wannan, ranar nasara ce. Sarkin da ya dawo daga yaƙi ana masa kirari zai iya jin haushin mai zuwa da gargaɗi. Asa ya karɓa. Ya ƙara tsabtace ƙasar, ya gyara bagaden da ke gaban shirayin Haikali, mutane suka yi ta kwararowa daga Ifraimu da Manassa da Saminu domin sun ga Allah yana tare da shi. A wata na uku na shekara ta 15 ta mulkinsa suka taru a Urushalima, suka miƙa bijimai 700 da tumaki 7,000, suka yi alkawari da rantsuwa. Hukuncin kisa da ke 15:13 na dokar ƙasar Isra'ila ne a ƙarƙashin shari'ar Musa, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a sura 17. Ba a ba ikkilisiya wannan takobi ba, kada kowa ya jawo ayar don tsoratar da mutane.

Gwaji mafi zafi a wannan zamani na rayuwarsa a cikin gida yake. Ma'aka, kakarsa, ita ce ke riƙe da matsayin uwar sarki. Wasu fassarori sun ce mahaifiyarsa, domin Ibraniyanci yana kiran kaka uwa, amma 1 Sarakuna 15:2 ya nuna ita ta haifi Abiya. Duk wanda ya san nauyin Mai Babban Ɗaki a fadar Kano ya san girman abin da ake magana a kai. Ta yi wa Ashera wani gunki abin ƙyama. Asa ya tuɓe ta daga matsayinta, ya sare gunkin, ya farfashe shi, ya ƙone shi a rafin Kidron. Ba a ce ya kashe ta ko ya kore ta daga gari ba. Ya raba ta da ikon da take ɓad da mutane da shi, ya hallaka gunkin. Mai bi da ke fama da dattijuwa a gida wadda ke so a kai jariri wurin boka ko a ɗaura masa laya yana da abin koyi a nan: a ƙi abin sarai, a bar wa tsohuwa girmanta na uwa.

To a nan ne aka ce zuciyarsa ɗaya take dukan kwanakinsa. Kalmar Ibraniyancin ita ce shalem, 'yar'uwar shalom, ma'anarta abin da bai rabu biyu ba. A littattafan Sarakuna ma'aunin da ake gwada sarki da shi shi ne ko ya bi gumaka. An ce zuciyar Sulemanu ba ta zama shalem ba da matansa suka juya shi ga waɗansu alloli (1 Sarakuna 11:4), an faɗi haka a kan Abiya mahaifin Asa (1 Sarakuna 15:3). Asa bai taɓa durƙusa wa gunki ba har ya mutu. Shi ya sa 2 Tarihi 20:32 ya yabi Yehoshafat da cewa ya bi hanyar mahaifinsa Asa. Yabon gaskiya ne. Sai dai ita wannan kalma ta shalem ce Hanani, annabin da ya zo tsauta wa Asa, ya yi amfani da ita a 16:9, da ya ce idanun Ubangiji suna kai da kawowa a dukan duniya don ya ƙarfafa masu zuciya ɗaya gare shi, ya kuma ce wa Asa ya yi wauta. Wato mutum zai iya zama bai taɓa canja Allahnsa ba, amma ya canja abin da yake jingina a kai. Wannan ne, a ganina, babban darasin sarautar Asa, kuma ya fi shafar wanda ya daɗe a cikin bangaskiya fiye da sabon tuba.

Dubi yadda abin ya faru dalla-dalla. Ba'asha sarkin Isra'ila ya soma gina Rama, wajen kilomita 8 arewa da Urushalima, a kan babbar hanya, don ya hana shiga da fita. Wannan matsala ce ta gaske, amma ba ta kai ta Zera ba ko kusa. Bambancin shi ne a gaban Zera Asa ba shi da dabara, a gaban Ba'asha kuwa yana da ita, kuma yana da kuɗin biyanta. Ya ɗebi azurfa da zinariya daga baitulmalin Haikali da na fada ya aika wa Ben-hadad sarkin Suriya a Dimashƙu. Koma 15:18 ka ga ko wace dukiya ce: keɓaɓɓun kayan da shi da mahaifinsa suka kawo ɗakin Allah, bayan Shishak sarkin Masar ya riga ya kwashe na zamanin Sulemanu. Abin da ya ba Allah da hannunsa, shi ya karɓo da hannunsa. Me ya saya da shi? Ya ce wa Ben-hadad ya warware alkawarinsa da Ba'asha. Ya biya wani kuɗi don ya ci amanar wani. Waɗanda suka sha wuyar cinikin kuwa mutanen Iyon da Dan da Abel-mayim da biranen Naftali ne, Isra'ilawa, 'yan'uwan waɗanda suka yi ta gudowa wurinsa shekarun baya. A cikin sura 16 kaf babu addu'a ko ɗaya.

Abin da ya sa tarkon ya kama shi da kyau shi ne dabarar ta ci. Ba'asha ya janye. Asa ya tattara mutanen Yahuza duka, ba a ɗauke wa kowa ba, suka kwashe duwatsu da katakan Rama suka gina Geba da Mizfa. Ba a rasa sojan Yahuza ko ɗaya ba a labarin. Duk fadawa za su ce sarki ya iya siyasa. Da shirin ya rushe, wataƙila da ya ruga wurin Allah kamar dā. Hanani ne kaɗai ya zo da lissafin abin da ba a gani: rundunar sarkin Suriya ta kuɓuce maka, daga yau kuma za ka yi ta fama da yaƙe-yaƙe. Haka kuwa aka yi wa gidansa. Ɗansa Yehoshafat da kyar ya tsira da ransa a yaƙi da Suriyawa a Ramot-gileyad, daga baya Yowash sarkin Yahuza ya sake kwashe dukiyar Haikali ya ba Hazayel sarkin Suriya don ya bar Urushalima (2 Sarakuna 12:17-18). Don haka kada ka auna amincinka da cewa abin ya yi kyau. Takardar aikin da aka samu ta hanyar ba da na goro tana fitowa, albashi yana shiga. Kuɗin baikon ikkilisiya da ma'aji ya ara ya juya a kasuwa ba tare da sanin kowa ba yana iya kawo riba, a mayar kafin a bincika littafi. Cin nasarar abu bai wanke hanyar da aka bi ba.

Duk da haka, ba yarjejeniyar ce ta karya Asa ba. Dawuda ya yi abin da ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, amma da Natan ya nuna shi da yatsa, cewa ya yi na yi wa Ubangiji zunubi. Asa kuwa ya husata, ya sa Hanani a turu cikin kurkuku, a lokacin kuma ya soma zaluntar waɗansu daga cikin jama'a. Mutumin da ya karɓi maganar Azariya da hannu biyu, shi ne ya ɗaure Hanani. Maganar Azariya ta nuna gumakan waɗansu, ta Hanani ta nuna shawarar sarki kansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma mai dogon tarihin nasara yakan ji gyara kamar cin mutunci. Akwai ci gaban labarin da ya kamata ka karanta a 2 Tarihi 19:1-4. Yehu ɗan Hanani ya tari Yehoshafat ɗan Asa da tsautawa iri ɗaya, a kan ƙawance da Ahab sarkin Isra'ila. Ɗan annabin ya fuskanci ɗan sarkin. Yehoshafat bai ɗaure kowa ba, ya fita zagaya daga Biyer-sheba har ƙasar tuddai ta Ifraimu yana komo da mutane ga Ubangiji.

Kan shekaru, za ka iya cin karo da wani abu in kana gwada littattafan biyu. 2 Tarihi 16:1 ya sa harin Ba'asha a shekara ta 36, alhali 1 Sarakuna 16:8 ya nuna Ila ɗan Ba'asha ya gaji mahaifinsa tun a shekara ta 26 ta Asa. Masana da yawa suna ƙirga 36 ɗin daga rabuwar mulki: Rehobowam 17, Abiya 3, saura 16, wato shekara ta 16 ta Asa. Waɗansu suna ganin lambar ce ta sauya a hannun masu kwafa. In lissafin farko ne daidai, to faɗuwar ta zo shekara ɗaya kacal bayan babban taron alkawari, abin da ya ƙara wa gargaɗin nauyi.

Yanzu asibiti. A shekara ta 39 ya kamu da ciwon ƙafa mai tsanani, ya rasu a ta 41. Ayar ta ce ko a cikin ciwon bai nemi Ubangiji ba, sai masu magani. Nauyin maganar yana kan "ko a cikin ciwon" da "bai nemi Ubangiji ba". Ciwon dama ce ta ƙarshe, shekara biyu yana kwance, bai yi amfani da ita ba. Masu magani sun tsaya a gurbin da Ben-hadad ya tsaya, abin jingina a madadin Allah. Littafi Mai Tsarki bai hana magani ba. Annabi Ishaya da kansa ya ce a shafa wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya yi alkawarin warkarwa (Ishaya 38:21). Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14). Ubangiji Yesu ya ce marasa lafiya ne ke bukatar likita. Ina roƙonka, in kai ko wani naka yana shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, kada a ajiye shi saboda wannan aya, kada kuma mai juna biyu ta fasa zuwa awo. Yi addu'a kafin ka fita, ka kira dattawan ikkilisiya su yi maka addu'a kamar yadda Yakubu 5:14 ya ce, ka je asibiti, ka sha maganin a kan ƙa'idarsa. Asa na farko ya gina garu ya kuma nemi Allah. Shi ake so ka bi.

Ga yadda za ka mai da wannan abincin addu'ar safe. Kwana shida sun isa, minti 20 zuwa 30 kowace rana, da littafin rubutu a gefe. Ranar farko karanta surorin uku a jere kana jan layin nan. Rana ta biyu 14:1-8, ka rubuta abu ɗaya da za ka gina yanzu da kake da sarari, ko tsayayyen lokacin addu'a ne, ko biyan wani bashi, ko sulhu da wani. Rana ta uku 14:9-15, ka haddace aya 11, ka rubuta lokuta uku da Allah ya fisshe ka sa'ad da ba ka da dabara, da shekararsu da abin da ya faru. Hanani ya tuna wa Asa yaƙin Kushawa, domin mantuwa ce ta buɗe ƙofar. Rana ta huɗu sura 15, ka tambayi kanka wane abu ne a gidanka kake kau da kai a kansa don kunyar wani babba.

Rana ta biyar ita ce mai wuya, ka ba ta lokaci fiye da sauran. Karanta 16:1-10, ka ɗauki shawara ɗaya da ka yanke cikin watanni shida da suka wuce, wadda ta yi kyau, ka yi mata tambayoyin da labarin ya ba mu. Na yi addu'a kafin in yanke ta, ko bayan na gama ne na roƙi albarka? Na taɓa abin da na riga na keɓe wa Allah don in biya ta, ko zakka ce, ko ranar sujada, ko wa'adin da na ɗauka? Ta bukaci wani ya yi ƙarya ko ya saɓa alkawari domina? Wa ya biya kuɗinta wanda ba ya wurin? Sannan ka rubuta sunan mutum na ƙarshe da ya faɗa maka gaskiya mai ɗaci, da abin da ka yi masa. Yawancinmu ba mu da kurkuku, amma muna da daina gaisuwa, da ƙin ɗaga waya, da sauya majami'a. In ka tarar akwai wanda ka sa a irin wannan turu, rana ta shida, bayan ka karanta 16:11-14 da 19:1-4, ka neme shi.

Kurakurai biyu ne ke ɓata irin wannan nazari. Na farko, mutum ya karanta da fuskar wani a ransa, fasto ko shugaba ko maƙwabci, har ya gama bai ga kansa ba. In ka ji kana cewa wane ya kamata ya ji wannan, tsaya ka koma farkon ayar. Na biyu, mutum ya ɗauki 15:2 ya yanke ƙauna, ya ce tun da na rabu da shi, ya rabu da ni ke nan. Karanta har aya 4: da Isra'ila suka juyo cikin wahalarsu suka neme shi, sun same shi. Hanyar nan a buɗe take wa Asa dukan shekara biyun da ya yi a kwance. Jama'arsa sun binne shi da girma a kabarin da ya haƙa wa kansa a birnin Dawuda, a kan gado cike da kayan ƙanshi, suka hura babbar wuta don girmama shi, sunansa kuma yana cikin jerin kakannin Almasihu a Matiyu 1:7-8.

In ka gama kwana shidan, kada ka rufe littafin rubutun. Ka sa ranar da za ka sake buɗe shafin rana ta biyar, bayan wata uku, ka kuma nuna shi ga mutum ɗaya da ka yarda zai iya ce maka ka yi kuskure, ko matarka ce, ko wani dattijo a ikkilisiyarku.